Daga Malam Aminu Kano Zuwa Kwankwaso: Me Jam'iyya Ta Uku Ke Bari A Baya?

A wani zaman makoki da na halarta a Rogo, gardama ta kaure tsakanin wani dattijo tsohon ɗan PRP da matasa masu jar hula. Matasan suka ce Rabi'u Musa Kwankwaso ne magajin Malam Aminu Kano. Dattijon ya ce kama da wane ba ta wane. Ina ganin gardamar ta cancanci a duba ta da idon basira.

Ta fuskar alƙaluma akwai kama. A zaɓen 1979 Malam ya tsaya a PRP, ya samu kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'u, kuma tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ita kaɗai ya lashe. A 2023 Kwankwaso ya tsaya a NNPP, ya samu kusan ƙuri'u miliyan ɗaya da rabi, wato kashi 6 da ɗoriya, shi ma Kano kaɗai ya ci. Dukkansu sun zo na huɗu, kuma jam'iyyunsu sun kafa gwamnati a Kano. Haka nan tsarin mulki ya tare musu hanya iri ɗaya, domin wanda bai samu kashi 25 a kashi biyu bisa uku na jihohi ba, ba ya zama shugaban ƙasa. Muhammadu Buhari ya gane haka bayan ya sha kaye a CPC a 2011 da ƙuri'u sama da miliyan 12. Sai da aka yi haɗakar APC a 2013 sannan ya kai gaci a 2015.

Saboda haka ba da ƙuri'u ya kamata a auna ɗan takarar jam'iyya ta uku ba. Ma'auninsa shi ne abin da ya bari bayan guguwa ta lafa. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. An tsige Balarabe Musa a Kaduna a 1981, Malam ya rasu a Afrilun 1983. Duk da haka harajin da jangalin da Abubakar Rimi ya soke a 1979 ba su sake dawowa kan manomin Karaye da makiyayin Rogo yadda suke a da ba. A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwagwarmayar NEPU tun daga 1950 ta sauya nauyin kalmar "talaka", daga wanda ake mulka kawai zuwa mai haƙƙin tuhumar mai mulki.

Ba a raina aikin Kwankwaso. Jami'ar Wudil, da Jami'ar Northwest, da ɗaliban da ya tura karatu ƙasashen waje shaida ne. Amma sunan tafiyar kansa, Kwankwasiyya, daga sunan mutum aka cire shi, alhali Sawaba buri ne na jama'a. Tafiyar da ta rataya ga mutum ɗaya, ko ga kujera, takan girgiza da zarar lissafi ya canza. Sanata Kawu Sumaila, wanda mu 'yan Kano ta Kudu muka zaɓa a NNPP a 2023, ya koma APC a 2025. Masarautar Karaye ma an ƙirƙire ta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka maido da ita mai daraja ta biyu a shekarar. Duk abin da ke sauyawa da sauyin gwamna bai zama gado ba tukuna.

Shawarata ga matasanmu ita ce, duk wanda ya zo neman ƙuri'a da sunan Malam, ku tambaye shi wace ƙa'ida zai kafa wadda abokan hamayyarsa ba za su iya rushewa ba. Ku tambaye shi yaushe ruwan madatsar Challawa da ke Karaye zai wadatar da manoman rani na yankin. In ya amsa da hula kawai, to dattijon Rogo ne ke da gaskiya.

Allah Ya sa mu gane.