Takobin Kaka a Bakin Injin Washi

Ya ku 'yan'uwa Hausawan Injamena, da na Kusiri a ƙetaren kogi, da na Abeshe, da duk wanda wannan rubutu ya iske.

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe wa dattijonmu alƙalami. Idan malamai sun gama lissafin gado, ni nake zama in rubuta abin da mamaci ya bari da rabon kowane magaji. Na rubuta gidaje, na rubuta shanu da kekunan ɗinki, na rubuta bashi, ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi ba sai a watan jiya.

Wani tsoho ne ya rasu a unguwarmu, Allah Ya jiƙansa. Cikin abin da ya bari akwai takobi wanda kowa ya san kakansa ne ya rataya shi daga ƙasar Hausa a kan hanyar hajji, tun wannan gari yana amsa sunan Fallomi. Na taɓa ganin takobin da ran mai shi. A jikin ƙarfen akwai jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, da kwarmi uku da suka gangara tsakiya, da layin rubutun Larabci kusa da mariƙi wanda ake iya karanta rabinsa. Ranar rabo aka fito da shi yana walƙiya kamar sabuwar tasa. Ashe wani jikan mamacin ne ya kai shi kasuwa wurin mai injin washi, wai don ya ƙara daraja kafin a yi masa kuɗi. Wata biyu sun tafi, rubutu ya tafi, tsohon kuben da dukawan da suka ɗinka an jefar da shi a juji an sa na roba. Liman ya ce mini, "Malam, rubuta." Na rubuta "takobi ɗaya", na ajiye alƙalami, domin babu sauran abin da za a rubuta.

Ban ga laifin yaron ba, da kyakkyawar niyya ya yi. Laifin namu ne, mu manya, da muka zauna shekaru da wannan kaya a ƙarƙashin gado ba mu gaya wa 'ya'yanmu abin da yake ba. Maganata ɗaya ce a yau: tsohon takobi takarda ce ta shaida, kuma duk wanda ya kai shi bakin inji, ko ya miƙa shi ga dillali ba tare da an rubuta tarihinsa ba, ya yaga shafi daga littafin jama'armu.

Shaidar me? Mu a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, kuma babu ɗayanmu da bai taɓa jin an tambaye shi daga ina ya zo ba, ko da a nan aka binne cibiyar ubansa. Alhali kuwa kakanninmu suna bin wannan hanya ta gabas, fatake da alhazai, tun kafin Faransawa su kafa Fort-Lamy a shekarar 1900, bayan yaƙin Kusiri na ranar 22 ga Afrilu inda Rabe da Kwamanda Lamy suka mutu rana ɗaya. Wasu sun biyo bayan faɗuwar Burmi a 1903, lokacin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'arsa suka ci gaba da hijira zuwa gabas, waɗansu suka kai Mai Wurno a Sudan, waɗansu guzuri ya ƙare musu a hanya suka zauna. Sai a 1973 aka sauya wa garin suna zuwa Injamena. Waɗannan mutane ba su bar mana takardun haihuwa ba. Abin da suka bari shi ne Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, da allo, da tasbaha, da takobi. Wanda ya goge waɗannan ya goge amsar da jikansa zai bayar ran da aka tambaye shi.

Kuma takobi yana magana ga wanda ya iya sauraro. Namu na ƙasar Hausa da na Buzaye faɗinsa a gindi yake, bakinsa a zagaye, abin da ya gitta a mariƙinsa an lulluɓe shi da fata ko tagulla. Na Wadai da Bagirmi da Darfur, wanda ake kira kaskara, gittaccen ƙarfensa tsirara ne, kubensa kuma yana buɗewa can ƙasa kamar ganye. Da ganin siffa kaɗai za a san ta inda kaka ya fito ko inda ya yada zango. Da yawa daga cikin tsofaffin ƙarafan nan ma ba a nan aka ƙera su ba, daga Turai suke, musamman garin Solingen na Jamus, fatake suka ƙetaro hamada da su, maƙeranmu suka sa musu mariƙi, dukawanmu suka ɗinka musu kube da hamila. Daga baya maƙeran gida suka riƙa kwaikwayon tambarin watan nan a kan nasu aikin, kuma masani yana rarrabe na asali da na kwaikwayo ta zurfin bugun da tsabtarsa. Dukan wannan ilmi a saman ƙarfen yake zaune, bai kai kaurin farce ba. Inji kuwa minti biyar ya ishe shi.

Bari in kai ku nesa, domin wani lokaci sai ka ga yadda wani yake riƙon nasa kake jin kunyar naka. Mutanen Japan suna da takubban da suka haura shekara ɗari bakwai, kuma har yau ana sanin maƙerin da ya ƙera da yawa daga cikinsu. A shekarar 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, sojojin Amurka suka sa aka tattara makamai, takubba masu ɗimbin yawa suka salwanta, aka lalata wasu, aka tafi da wasu. Wani shahararre daga aikin maƙeri Masamune, wanda ake kira Honjo Masamune, gadon gidan sarautar Tokugawa, an miƙa shi ga 'yan sanda a Tokiyo a ƙarshen 1945, har yau ba a san inda yake ba. Da suka ga asarar ta yi yawa, a 1948 suka kafa ƙungiyar kare takubban tarihi, wadda har gobe take duba takobi ta ba shi takardar shaida. Dokarsu kuma ta wajabta wa kowane irin wannan takobi katin rajista da ke bin sa duk inda ya tafi.

Dubi yadda suke kula da shi. Ba sa taɓa ƙarfen da hannu, domin gumi yana haifar da tsatsa. Suna shafa masa mai siriri ƙwarai, mai ɗan ƙanshin kanumfari, su goge tsohon kafin su sa sabo. Idan za a ajiye shi, ana cire shi daga kuben ado a sa shi cikin na katako zalla. Mai goge takobi a wurinsu yakan yi kusan shekara goma a hannun maigidansa kafin a yarda da shi, da duwatsu da ruwa yake aiki, takobi ɗaya yana cin makonni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye cikin mariƙi, inda maƙeri yake sassaƙa sunansa. Baƙar tsatsar da ke wurin ba a taɓa ta ko kaɗan, domin da ita ake gane shekarun takobin, kuma wanda ya kankare ta ya karya darajarsa. Su suna tsaron tsatsar, mu muna biyan kuɗi a kankare mana ita.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini a zaure. Na farko, wani zai ce girmama ƙarfe hanyar shirka ce. Ban ce a yi masa yanka ba, ban ce a jiƙa shi a sha ba, wanda yake yin haka ya tuba. Amma adana kayan magabata ba baƙon abu ba ne a addininmu. Imamu Buhari ya ware babi a kan sulken Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sandarsa da takobinsa da ƙwaryarsa da zobensa. Tirmizi ya ware babi a Shama'il kan siffar takobinsa. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a gaban malamanmu ta halatta yi wa takobi ado da azurfa. Mu da aka koya wa cewa magana ba ta tsayuwa sai da isnadi, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar cewa abu yana da silsila: wane ya karɓa daga wane, a gari kaza, a zamanin sarki kaza.

Na biyu, za a ce dukiyar magada ce, cikinsu har da marayu da zawarawa, ba a hana su haƙƙinsu saboda tarihi. Wannan gaskiya ne, kuma ni da nake rubuta rabo ba zan ce a tauye maraya ba. To amma wa yake tauye shi? Dillalin da yake bin gidajen makoki yana tambayar "tsofaffin kaya", ya ba da abin da bai kai kuɗin ragon layya ba, ya ƙetare gada da shi, shi ne mai cin dukiyar maraya, mu kuma da muka yi shiru mu ne shaidunsa. Shari'a ba ta ce sai an sayar wa bare ba. A yi wa takobin kuɗi na adalci a gaban shaidu, ɗaya daga cikin magada ya biya 'yan'uwansa rabonsu ya riƙe, ko manyan magada su yarda su mai da nasu kason wakafi, a biya ƙanana nasu cif.

Na uku, akwai masu cewa waɗannan takubba ba duka ne suka ga alheri ba, wasu sun shiga yaƙin Rabe, wasu sun raka ayarin bayi. Haka ne, ban musa ba. Shi ya sa ma a rubuta. Shaidar da ba ta faɗin sai abin da ke mana daɗi ba shaida ba ce, kirari ne, kuma maroƙa sun ishe mu a wannan fanni.

Yanzu ga wadda ta fi ƙona mini rai. Mun iya taruwa mu zagi Faransa a kan kayan tarihinmu, kuma muna da hujja. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya nuna cewa a gidan tarihin Quai Branly na Paris akwai kayan Chadi sama da 9,000, fiye da na kowace ƙasa a kudu da Sahara. A watan Nuwamba na 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake jingina wa Shehu Umaru Futi, aka yi biki a Dakar. Amma ku lura, ƙarfen wannan takobi a Faransa aka ƙera shi, kuma masana suna saɓani ko na Shehun ne ko na ɗansa Ahmadu, domin silsilarsa ta yanke. Idan na babban shehi irin wannan ya shiga shakka don rashin rubutu, ina ga na kakanka bafatake? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bature ya ɗauka da bindiga shekara ɗari da suka wuce, mu kuwa yau da hannunmu muke miƙawa, har mu yi godiya. A Katsina har yanzu takobin nan Gajere yana cikin kayan sarauta, a Daura kuma fada tana riƙe da wanda ake danganta wa Bayajidda. Sun wanzu ne domin an samu masu tsayawa a kansu zamani bayan zamani.

Saboda haka ga roƙona, kuma babu abin da ya fi ƙarfin talaka a ciki. Duk mai tsohon takobi a gida ya zauna da mafi tsufa a dangi tun yana da rai, ya rubuta sunan wanda ya zo da shi, da garin da ya fito, da hannuwan da ya bi, da boko ko da ajami. Ya ɗauki hotonsa da waya, gaba da baya, da kowane tambari da rubutu. Kada a kai shi inji, kada a sa masa magagari ko yashi ko toka. A goge ƙura da tsumma mai laushi, a shafa man keken ɗinki kaɗan. Ban da man gyaɗa da man ja, suna daskarewa su yi danƙo. Jar tsatsa mai cin ƙarfe mai yana tsayar da ita, baƙar da ta zauna kuwa a ƙyale ta. A zare shi a duba kafin damina da bayanta, domin fata tana riƙe laima, kuma a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ambaliya, mun ga abin da ruwa ya yi wa gidajen garin nan a 2022. Tsohon kube ko ya yage a ajiye shi, shi ma aikin hannun magabata ne. In kuwa dole ta sa sai an sayar, a fara sanar da dangi da dattawan unguwa, kuma kwafin tarihin ya zauna a gida.

Na nemi izinin dattijonmu, ya kuma amince, na ware littafi guda don wannan aiki. Wanda ya kawo nasa zan rubuta, in ɗauki hoto, ya koma da abinsa gida, ba a karɓar ko sisi. Shafin farko na bar shi ga takobin tsohon nan, na rubuta abin da idona ya gani a jikinsa kafin inji ya ci, na sa hannu, dattawa biyu da suka san shi suka sa nasu. Iyakar abin da ya rage masa ke nan.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Wassalamu alaikum.