Liyepaya: Garin da ya ƙi rushe tabonsa

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilimi, amma a wurin da yawa daga cikin 'yan bokonmu, zuwa Turai bai wuce Landan da Faris ba, inda za a cika jaka da tsaraba a komo gida. A yau ina son in ja hankalin mai karatu zuwa wani gari da ba kasafai ake jin sunansa ba, wato Liyepaya, gari na uku mafi girma a ƙasar Latbiya, wanda ke bakin Tekun Baltik, tazarar sama da kilomita 200 daga Riga, babban birnin ƙasar. A nawa ra'ayin, ya cancanci ziyara saboda yadda ya yi da tarihinsa mai ɗaci.

Liyepaya ta samu matsayin birni a 1625, kuma arzikinta ya taso ne daga tashar jiragen ruwanta, wadda ba ta daskarewa a lokacin hunturu. Wannan baiwar ce ta jawo mata ido. Daga 1890 Sarkin Rasha Alekzanda na Uku ya sa aka fara gina katafaren sansanin sojan ruwa a arewacin garin, wanda a yau ake kira Karosta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta mayar da unguwar haramtaccen wuri, ta yadda ko ɗan gari ba ya shiga sai da izini. Babbar majami'ar sojan ruwa da aka kammala a 1903 kuwa, sai aka mayar da ita gidan sinima da wurin motsa jiki. Sai a 1994 sojojin Rasha suka tattara nasu ya nasu, suka bar gidaje kango. Kamar hakan bai isa ba, a 2013 babban kamfanin ƙarafa na garin ya durƙushe. Garin da ke da mutane sama da 100,000 a ƙarshen zamanin Sobiyet, a yau bai kai 70,000 ba.

To, garin da soja suka bari, masana'anta ta mutu, matasa suka kama hanyar ci-rani, da me zai rayu? Mutanen Liyepaya sun waiwayi abin da ke hannunsu. Suna da jirgin ƙasa na cikin gari mai aiki da lantarki tun 1899, kuma har gobe yana jigilar jama'a. Suna da ƙungiyar makaɗa da ta samo asali tun 1881, ga kuma majami'ar da ke ɗauke da wani abin kiɗa mai bututu sama da 7,000. A 2015 suka buɗe zauren kiɗa na gilashi mai launin ambar, wato daskararren ƙaron itatuwa da teku ke watsowa gaɓarsu. A 2022 kuma aka zaɓi garin ya zama Babban Birnin Al'adun Turai na shekarar 2027. Karosta ba a baje ta ba: an gyara majami'ar, an bar ragowar ganuwowin tsaro suna faɗawa cikin teku sannu a hankali, baƙi na zuwa kallo.

Akwai masu ganin cewa kamata ya yi a share duk wata alama ta mulkin mallaka, domin ganinta fama tsohon gyambo ne. Ina fahimtar zafin da ke bayan wannan magana, amma ban yarda da ita ba. Ginin da aka rushe ba ya ba da shaida, kuma yaron da aka haifa bayan 1991, lokacin da Latbiya ta sake samun 'yancinta, ba zai san abin da iyayensa suka gani ba idan babu inda za a kai shi a nuna masa. Gani ya kori ji.

Sai dai akwai inda nake da ja. Tsohon gidan yarin soja na Karosta, wanda ya ci gaba da aiki har 1997, yanzu gidan tarihi ne da baƙo zai iya biyan kuɗi ya kwana a ɗakin fursuna, masu gadi cikin kayan sarki suna daka masa tsawa kamar da gaske. Masu goyon baya na cewa wanda ya kwana a kan katako ya fi wanda ya karanta allo fahimta, kuma kuɗin shiga ne ke riƙe ginin. Hujja ce mai ƙarfi, amma wanda ya san gari na wayewa zai fita ya sha shayi a otal, bai ɗanɗani komai daga abin da fursuna ya sha ba. Abin da nake tsoro shi ne azabar mutane ta koma wasan kwaikwayo da abin ɗaukar hoto.

Garin kansa ya nuna hanyar da ta fi. A rairayin Shkede, arewa da Liyepaya, inda 'yan Nazi da masu taimaka musu suka harbe Yahudawa sama da 2,700 a cikin kwana uku a watan Disambar 1941, abin tunawa aka kafa a 2005, ana zuwa a tsaya shiru a tafi. Irin wannan ladabin ya kamata a ba gidan yarin.

Don haka duk wanda Allah Ya hore wa bizar Shengen, wadda Latbiya ke cikin tsarinta tun 2007, ina ba shi shawarar ya ware kwana biyu ya leƙa Liyepaya. Ya tanadi rigar sanyi, domin 'yan ƙasar na yi mata kirari da garin da ake haihuwar iska. Ya hau jirgin lantarkin, ya zaga Karosta da rana tare da ɗan jagora, ya kai ziyara Shkede, amma batun kwana a kurkuku, ya bar wa masu neman nishaɗi. Allah Ya sa mu dace.