Kyamarar ful-firem: Riba ce ko cin jari ga mai hoto a kudancin Kano?

Da zarar an kammala girbin masara da shinkafa a Doguwa da Tudun Wada, kuɗi kan shiga hannun jama'a, sai bukukuwan aure da na suna da saukar karatu su kankama. Lokacin ne kakar masu ɗaukar hoto, tun daga Bebeji da Kiru har zuwa Riruwai. A lokacin ne kuma matashin da ya ɗan tara wani abu a sana'ar ke fara tunanin sayen babbar kyamara, irin wadda ake kira ful-firem, wadda yake gani a wuyan ƙwararrun Kano da Abuja.

Ba a musu a kan ingancin wannan kyamara. Abin da ya kamata mai saye ya auna shi ne ko aikin da yake samu a yankinsa zai iya biyan kuɗinta, domin kuskure a nan yana iya cinye jarin shekaru.

Mece ce ful-firem?

A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, wanda masu sana'ar ke kira sensa. A ful-firem, girman sensar milimita 36 ne a tsawo da 24 a faɗi, daidai da girman fim ɗin da masu hoto ke kaiwa wanki a da. Matsakaitan kyamarori, da ake kira APS-C, tasu sensar ba ta kai rabin wannan fili ba. Ko wayoyin da suka fi kowa babbar sensa, ta ful-firem ta ninka tasu kusan sau bakwai.

Kamfanin Canon ne ya kusanto da ita ga masu matsakaicin ƙarfi da ya fitar da EOS 5D a 2005. A 2008 ya biyo da 5D Mark II mai ɗaukar bidiyo garau, wadda ta sa masu shirya fim da ƙaramin jari a duniya suka rungumi kyamarar hoto. A 2013 Sony ya zo da A7 marar madubi a ciki, sannan Canon da Nikon suka bi sahu a 2018. Yanzu marasa madubin ne ke jan kasuwa.

Inda take nuna ƙarfinta

Babbar fa'idarta ita ce aiki a cikin ƙarancin haske. Yawancin shagulgulan biki, daga kamu zuwa kai amarya, da yamma ko da dare ake yin su, wani lokaci a tsakar gida da ƙwan lantarki ɗaya ko biyu. Babbar sensa tana tara haske da yawa, don haka hoton kan fito da tsabta a inda ƙaramar kyamara za ta cika shi da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi.

Ta biyu ita ce riƙe haske da duhu a hoto guda. Ango da farar shadda a tsakar rana, kusa da amarya mai lulluɓi a inuwa, jarrabawa ce ga kowace kyamara: ko dai shaddar ta ƙone ta koma fari fat babu alamar aikin wuya, ko fuskar amarya ta ɓace a duhu. Ful-firem ta fi ba mai hoto damar ceto duka biyun a lokacin gyara. Haka abin yake ga mai ɗaukar faɗuwar rana a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, ko duwatsun Riruwai da sassafe.

Ta uku ita ce yadda take fito da mutum sarai ta dusashe abin da ke bayansa, salon da amare ke so a hotunan kafin biki. Sannan idan za a wanke hoton da girma, kamar allunan 'yan takara da ake kafawa a Kwanar Ɗangora da sauran mahaɗar hanyoyi a kakar siyasa, ko za a yanko fuska ɗaya daga cikin taro, ingancinta yakan bayyana.

Masu fim ma suna cikin masu amfana. A Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji ne Gwamnatin Tarayya ta shirya gina dandalin shirya fina-finai a 2016, kafin ta janye bayan adawar da malamai da wasu jama'a suka nuna. Dandalin bai tabbata ba, amma a yau kyamara ɗaya irin wannan tana ba ƙaramin mai shiri hoton da a da sai babban kamfani ke iya samarwa.

Tsadar da ba ta tsaya a kanti ba

Matsala ta farko kuɗi ne, kuma da dala ake lissafinsa. Sony A7 III ta fito a 2018 a kan kusan dala 2,000, Canon EOS R6 kuwa a 2020 a kan kusan dala 2,500, kuma wannan kuɗin gangar jiki ne kawai babu lens. A tsakiyar 2023 dala tana kusan naira 750 a kasuwar bayan fage, amma a farkon 2024 ta haura 1,500. Ke nan kayan dala 2,000 sun tashi daga kimanin naira miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan uku cikin watanni. Kuɗin da ake biyan mai hoto a bikin ƙauye bai yi irin wannan tsalle ba.

Bayan gangar jiki sai lens, wato gilashin gaba. Ƙwararren lens na ful-firem yakan kai kuɗin kyamarar, wani ma ya wuce. Wanda ya zuba duk jarinsa a gangar jiki ya ɗaura mata lens mai araha, ya sayi doki ne ya rasa kuɗin sirdi.

Sai kuma wurin ajiya. Ɗanyen hoto guda daga kyamara mai megafiksel 24, wanda ake kira RAW, yakan ci megabait 25 zuwa 50. Hoto dubu na biki ɗaya ya zama gigabait 25 zuwa 50. Wannan yana buƙatar mimori mai sauri, da kwamfuta mai ƙarfi, da ma'ajiya ta daban, da data mai yawa.

Ƙura, zafi da rashin wuta

Lokacin da bukukuwa suka fi yawa shi ne kuma lokacin hunturu. A kyamarori marasa madubi da dama, sensar a buɗe take da zarar an cire lens, babu abin da ke kare ta. Canza lens sau ɗaya a filin taro ranar da aka yi hazo ya isa ya bar tabo a duk hotunan da suka biyo baya. Wanda ya goge sensar da ƙyalle yana iya karce ta, kuma mai gyaran da ya san aikinsa sai an je cikin Kano, wani lokaci ma sai an aika Legas.

Zafi ma abin dubawa ne. Yawancin waɗannan kyamarori an tsara su ne su yi aiki daga digiri 0 zuwa 40, alhali a watan Afrilu zafin Kano kan kai 40 har ya wuce. Doguwar ɗaukar bidiyo a rana tana iya sa kyamara ta kashe kanta a tsakiyar taro. Canon EOS R5 ta sha suka a kan haka lokacin da ta fito a 2020.

Batir kuma marasa madubi sun fi ci. A ma'aunin kamfani, tsohuwar 5D Mark IV tana ɗaukar hoto kusan 900 da caji ɗaya, R6 kuwa kusan 400 zuwa 500. A garin da wuta ba ta da tabbas, dole mai hoto ya tanadi batura uku ko huɗu, ya kuma biya kuɗin caji a wurin mai janareta ko sola.

Akwai kuma nauyi da haɗari. 5D Mark IV tana kusan giram 900, lens mai zuƙowa na 70-200 kuma kusan kilo ɗaya da rabi. Ɗaukar kayan miliyoyin naira a kan babur, a hanyar da ta ratsa dajin Falgore wanda ya sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya, kasada ce da ya kamata a sa a lissafi.

Ko a ɗaukar abin da ke nesa, ba kullum ful-firem ke gaba ba. Lens mai milimita 300 a kan APS-C yana matso da abu kamar mai 450 ko fiye a kan ful-firem. Ga mai ɗaukar tsuntsaye a bakin Tiga ko mahaya doki a hawan Sallah, ƙaramar ta fi sauƙin kuɗi da nauyi.

A ina hoton ke ƙarewa?

Wannan ce tambayar da ke raba gardama. Mafi yawan hotunan biki a yau a WhatsApp da Facebook da TikTok suke ƙarewa, kuma waɗannan manhajoji suna matse hoto kafin ya isa wayar mai kallo. A fuskar waya, hoton rana da aka ɗauka da ful-firem da wanda aka ɗauka da APS-C mai lens mai kyau, da wuya uwar amarya ta bambance su. Abin da za ta lura da shi shi ne ko fuskar 'yarta ta fito da haske, ko an kama lokacin da ya dace, ko kuma an kawo hotunan a kan lokaci.

Saboda haka lissafin ya danganta da irin aikin da mutum ke samu. Mai hoton da ke da manyan bukukuwan dare a kai a kai, ko kwangilar 'yan siyasa da ƙungiyoyi, ko aikin fim, ful-firem za ta iya mayar masa da kuɗinsa. Wanda kuma rabin aikinsa hoton fasfo ne da na makarantu da sunan unguwa, ya fi masa alheri ya riƙe APS-C, ya sa rarar kuɗin a lens mai kyau guda, da fitilar filash, da batura, da koyon sarrafa haske.

Mai neman tsaka-tsaki yana iya duba ta hannu, tunda ƙwararru da yawa suna sayar da tsofaffin masu madubi don komawa sababbi. Sai dai ya nemi a nuna masa adadin hotunan da ta riga ta ɗauka. Canon ya ƙiyasta wa marfin ɗaukar hoton 5D Mark III da Mark IV kusan ɗauka 150,000. Wadda ta kusa wannan adadi, ko da jikinta na sheƙi, mai saye ya ware kuɗin gyara tun kafin ya biya.