"Unfortunately" da masu dariyar P da F

1/ Jiya wata 'yar ajinmu tana gabatar da aikinta ta ce "unportunately". Aji ya kwashe da dariya, ta daburce ta zauna ba ta ƙarasa ba. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa har da gyara mata: "an-fo-cu-NEET-li". Malam, kai ma fa ba ka iya ba. 🧵

2/ Mu fasa kalmar. Gaɓa biyar ce: un-for-tu-nate-ly. A gaɓa ta biyu ake danna murya: an-FOO-ca-nat-li. "Tu" ɗin nan "ca" ce a gajarce. "Nate" kuma ba "neet" ba ce, "nat" ce da ake haɗiye rabinta.

3/ Kuma da ƙa'ida. FORtune, FORtunate, unFORtunate, unFORtunately. An liƙa "un" a gaba, an liƙa "ly" a baya, nauyin yana nan daram a kan FOR. 'Yan Amurka su furta R ɗin, yawancin 'yan Ingila su jefar da ita, amma babu mai kai nauyin kan "nate".

4/ Ita kuskurenta da dalili. Hausa ba ta raba P da F, sauti ɗaya gare mu, da leɓe biyu muke yin sa. Basakkwace ma "hwari" zai ce maka. Kai naka kuskuren wa za ka ɗora wa?

5/ Na san wa. Jarabawar furuci ta WAEC a takarda muka yi ta, zaɓi A, B, C ko D. Muka ci maki a furuci ba mu buɗe baki ba. Dukanmu abin ya shafa, shi ya sa taƙamar ke ba ni haushi.

6/ Wani abin takaicin: Bature ya zo ya kasa raba kukan hawaye da kukar miya, ko gari na mutane da garin tuwo, mu hau tafi wai ya iya Hausa. 'Yar'uwarmu ta kuskure harafi ɗaya a yaren wasu, mu mayar da ita abin nishaɗi. Haba!

7/ Ban ce kar a gyara ba. A gyara, a gefe, bayan ka duba ƙamus ka saurari kalmar da kunnenka. Yarinyar nan ta rantse ba za ta sake tashi magana a aji ba, alhali aikinta ya fi na masu dariyar. Laifi tudu ne, jama'a.