Kyan Ɗan Maciji A Kan Sirdin Babur

Masu karatun wannan fili su yi mini aikin gafara, yau ba maganar siyasa zan yi ba, maganar kujerar babur ce. Wani zai ce abin bai kai a ɓata takarda a kansa ba, amma duk wanda ya yini a kan babur ya san cewa lafiyar bayansa da mutuncin rigarsa a kan wannan 'yar kujera suka dogara.

Ga abin da ya jawo zancen. A daminar da ta wuce kujerar babur ɗina ta tsage, na yi ta cewa sai gobe. Ran nan aka kwana ana ruwa a nan Kontagora, da gari ya waye na sa farar babbar riga na nufi wurin ɗaurin aure. Ashe soso ya sha ruwa ya ƙoshi. Ko da na sauka, sai na ga yara suna nuna ni suna dariya. Sauran bayanin na bar wa mai karatu.

Washegari na kai ta wurin wani yaro mai ɗinkin kushin, wanda ya yi mini araha, ya ce in je in dawo. Na dawo na tarar da sabuwar leda tana ƙyalli, har da ado na jan zare. Ba a yi wata biyu ba kujera ta lotse, na koma ina jin ƙarfe a ƙarƙashina, ɗinki kuma ya fara buɗewa. Lalle araha ba ta ado.

Sai wani ɗan acaɓa ya yi mini kwatancen wani dattijo. Da tsohon nan ya farke ledar, sai ga tsohon sosona na nan, ya ruɓe yana marmashewa kamar busasshen burodi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai lulluɓe maka gawa aka yi." Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya ce, "Zauna ka gani da idonka."

Na zauna na ga aiki. Da farko ya kankare tsatsar farantin ƙasa, ya shafa masa fenti. Sa'an nan ya yanko sabon soso mai tauri, ya manna da gam, ya fere shi da wuƙa har ya yi daidai da mazaunin mutum, ya ɗora mai laushi a sama. Ya rufe soson da siririyar leda, domin ko ruwa ya bi ta hudar allura kada ya samu shiga. Ledar sama kuwa sai da ya shanya ta a rana ta yi laushi, kana ya ja ta daga gaba zuwa baya, daga baya zuwa gefe, yana kafewa, har babu tattara ko ɗaya. Wannan shi ne bambancin mai sana'a da mai neman kuɗin cefane.

Wannan gari da Umaru Nagwamatse ya kafa gari ne na mahaya dawaki, kuma kakanninmu ba su taɓa raina sirdi ba. Sun san in zubka ta lalace, doki zai yi miki, mahayi kuma ya wahala, shi ya sa baduku yake da daraja a ƙofar fada. Yau Bajaj da Jincheng sun karɓi aikin doki. Su ke ɗaukar buhun masara daga ƙauye, su ke kai mai naƙuda asibiti, su ke bin hanyar Tegina da ta Rijau da ta Yawuri duk da ramukansu. Mai ɗinkin kushin shi ne badukun wannan zamani, ya kamata ya riƙe amanar da magabatansa suka riƙe.

Kada kuma a ɗauka gyara alamar talauci ce. Can a Kanada, inda aka fito da babur mai sulɓe a kan dusar ƙanƙara mai suna Ski-Doo a shekarar 1959, su ma kai kujerunsu suke yi a sake musu riga. Sanyi ke fasa tasu, rana ke fasa tamu. Balle mu, da tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowane kwabo sai an yi masa lissafi.

Saboda haka ina kira ga masu babura, musamman 'yan acaɓa: kada ku jira tsaga ta zama rami. In kun kai gyara, ku ce a buɗe a gabanku, ku matsa soson da hannu, in bai dawo da sauri ba ku ƙi shi. Ku riƙa ajiye babur a inuwa. Su kuma shugabannin masu wannan sana'a, su tsawata wa yaran da ke lulluɓe ruɓaɓɓen soso, gama ranar da asiri ya tonu duk layin ne za a zaga.

Allah ya ba mu ikon gyarawa. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.