Battlefield V: An Karɓi Kuɗin Haja Cif, An Miƙo Rabinta

Ran 20 ga watan Nuwamba na shekarar 2018, kamfanin Electronic Arts na ƙasar Amurka ya fitar da wani wasan yaƙi na kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One mai suna Battlefield V, wanda ma'aikatar DICE ta ƙasar Suwidin ta ƙera. An sa masa kuɗi dala 60, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Maraɗi ba, wato kusan jika 35 na kuɗinmu, a lokacin da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a Nijar yake sefa 30.047 a wata. Wani zai ce me ya kawo wasan samari shafin da aka saba tattauna sha'anin ƙasa? Dalilina biyu ne. Na farko, ciniki ne aka ƙulla tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin hukuncin wanda ya karɓi kuɗi bai cika kaya ba. Na biyu, a cikin wasan nan an sa kakanninmu, sojojin baƙar fata da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Hitila, saboda haka muna da bakin magana.

Bari mu fara da ba shi haƙƙinsa, don ko maƙiyinka ne ya yi rawa da kyau sai ka yaba. Mutum 64 ne suke haɗuwa ta intanet a fagen daga ɗaya, 32 kowane ɓangare, amma an rarraba su rukuni-rukuni na mutum huɗu. A wannan rukuni ne hikimar wasan take. Masu ƙera shi sun rage harsasan da soja yake fita da su, sun kuma hana raunin da ya ji ya warke sarai da kansa kamar yadda aka saba gani a wasannin da suka gabata. Wanda harsashinsa ya ƙare yakan nemi mai ɗaukar babbar bindiga ya ba shi, wanda ya ji ciwo yakan nemi mai jinya ya jefo masa bandeji, shi kuwa mai hangen nesa aikinsa ya gano maɓoyar abokan gaba ya nuna wa sauran. In aka harbe ka ka faɗi, ba nan take kake mutuwa ba: kana kwance kana kiran taimako, kuma kowane ɗan rukuninka yana iya tsayawa ya tashe ka, ko da yake mai jinya ya fi sauri. Wanda ya taɓa ganin abokinsa ya ratso ruwan harsashi ya durƙusa a kansa, alhali da ya gudu da ya tsira, ya san cewa wasan nan ya taɓo wani abu na gaskiya game da yaƙi, abin da mazan jiya suka daɗe suna faɗi: ba jarumtar mutum ɗaya ke fid da shi ba, wanda ke kusa da shi ne.

Haka kuma an ba kowane soja guduma. Yana iya jera buhunan rairayi, ya haƙa rami, ya ja waya mai ƙaya, ya toshe ƙofar gidan da tankar yaƙi ta rusa wa bango. Mutum huɗu da suka san junansu suna iya tsare wani coci a filin Arras har a tashi wasa. Shugaban rukuni kuma yana tara maki gwargwadon biyayyar mutanensa ga umarninsa, da su yake kiran jirgin da zai sako kayan agaji, ko ma roka mai lamba V-1, wadda in ta taso kowa a filin yake jin gurnaninta, sa'an nan ta yi tsit kafin ta faɗo. Ƙarar bindigogi da rugugin igwa, da yadda ƙura ke turnuƙe hamadar Libiya, babu mai musun an yi musu aiki. An kuma soke tsarin nan na dā da ake sayar da sababbin filaye daban, wanda yake raba mai kuɗi da talaka. Duk filin da aka ƙaro, kowa ya samu kyauta.

To, a nan yabo ya ƙare.

Wasan da aka gina a kan dogaro da juna ba ya tsayawa sai ƙa'idarsa ta tsaya. Ba a yi wata ɗaya da fitowarsa ba, a cikin Disamba na 2018, DICE ta wayi gari ta rage ƙarfin harsasai, ta yadda sai an ƙara harbi kafin mutum ya faɗi, wai don kada sababbin shiga su karaya. Jama'a suka yi ca, cikin kusan sati ɗaya aka janye, aka ba da haƙuri. Duk mai hankali zai ɗauka an yi karatu. Ina! Shekara na zagayowa, a Disamba na 2019, aka sake maimaita abin nan, har ya fi na farko, kuma aka yi kunnen uwar shegu da koke-koke sai cikin Maris na 2020 aka mai da akasarin abin yadda yake. Ɗan kasuwa ya auna wannan da kansa: ka sayi gero da tiya sananniya, kana tsakiyar awo sai sarkin kasuwa ya ce daga yau an sake girman tiyar, gobe kuma ya ce an koma ta jiya. Duk lokutan biyu kuma sun faɗo daidai da cinikin ƙarshen shekara na Turawa, lokacin da sababbin masu saye ke shigowa. Ni dai ban ɗauki wannan a kan katari ba. An fifita wanda ake fatan ya biya a kan wanda ya riga ya biya.

Sai matsalar gani. Ado ya yi wa filayen yawa har ya cinye aikin ido: soja ya kwanta cikin ɓaraguzan birnin Rotterdam da kakinsa mai ruwan ƙasa, ka taka shi ba ka gan shi ba. Sau da yawa mutum yakan faɗi bai san daga ina aka harbe shi ba, kuma a allonsa sai ya ga kamar harsashi ɗaya ne ya kashe shi alhali huɗu ko biyar ne, don saƙonnin da ke kai da komo tsakanin na'urarsa da uwar na'urar kamfani sun iso masa a dunƙule. Mu da ke nan abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, don saƙonmu sai ya je Turai ya komo. Kafin ka ga abokin gaba shi ya riga ya gama da kai. A tsakiyar 2019 kuma wani gyara da aka yi ya haifar da sojoji marasa jiki, ana ganin bindiga na tafiya babu mai riƙe da ita. Filin Al Sundan, da aka yi shelar fitowarsa a watan Yuni na shekarar, ya yi watanni ba a buɗe shi ga mutum 64 ba saboda kurakuran zane. An yi alkawarin soja zai iya jan abokinsa mai rauni zuwa maɓoya, abin da ya fi kome dacewa da ruhin wasan, daga baya aka ce an fasa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne maguɗi. A kan kwamfuta, masu sayen haramtattun manhajoji suna gani ta cikin bango, bindigarsu kuma ba ta kuskure. Mutum ɗaya irin wannan ya isa ya watsa aikin mutum 32. A wasannin Battlefield na dā, jama'a na iya hayar fili su naɗa mai tsaro da zai kori ɗan maguɗi nan take. A wannan an fito babu wannan dama, sai bayan shekara guda aka kawo wani abu mai kama da ita, sabon tsarin kama ƴan maguɗi na kamfanin kuwa bai iso wasan ba sai 2024, bayan an daɗe da daina ƙara masa kome. Masu karatun wannan jarida ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ke faruwa da takara in an bar akwati babu mai tsaro. Haka ma rabon mutane: ɓangare ɗaya ya cika, ɗayan ya zube, wasan ya ci gaba a haka ba a daidaita ba.

Kamfanin ya sayar da kofi miliyan 7,3 kafin ƙarshen 2018, ya kuma shaida wa masu hannun jarinsa cewa hakan bai kai abin da ya yi tsammani ba. Daga nan kowa ya ga inda aka dosa. An buɗe fagen tekun Pasifik a ƙarshen Oktoba na 2019, da Iwo Jima da sojojin Amurka da na Japan, kuma a nan ne wasan ya kai ƙololuwar kyaunsa. Wata shida bayan haka, a Afrilu na 2020, aka ba da sanarwar za a rufe littafi, gyaran ƙarshe mai girma ya fito a Yuni. Wasan da ya ce zai bi yaƙin duniya na biyu daki-daki ya ƙare babu Tarayyar Sobiyet, babu Stalingirad, babu saukar Normandi.

Yanzu ga namu. A ɓangaren da mutum yake bugawa shi kaɗai akwai labari mai suna Tirailleur. Wani tsoho ɗan Senegal, Deme Cisse, yana tuna yadda ya sauka kudancin Faransa a 1944 tare da Idrissa, aka karɓe musu bindigogi aka miƙa musu shebur, sai da wuta ta yi wuta aka tura su gaba. Suka ci wani gidan sarauta da Jamusawa suka kafe a ciki, Idrissa ya mutu, sa'an nan aka goge fuskokinsu daga hoton nasara. Mutanen ƙagaggu ne, amma asalin maganar gaskiya ce. Rundunar da ake kira ta Senegal, tun kafa ta a 1857, ta bi ta kwashi samari daga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, har da Nijar. Suna cikin waɗanda suka sauka gaɓar Provence tun daga 15 ga Agusta na 1944, suka ƙwato Tulon da Marsai. Da kaka ta yi aka janye su daga fagen daga aka maye gurbinsu da farar fata, ran 1 ga Disamba kuma aka buɗe wa waɗansu wuta a barikin Caroy kusa da Dakar don sun nemi haƙƙinsu, abin da shugaban Faransa bai kira kisan kiyashi ba sai a Nuwamba na 2024. Dokar 1959 kuma ta daskarar da fanshonsu shekaru da dama. Cewa wani kamfanin Suwidin ya kai wannan labari gidajen miliyoyin samari a duniya, na yaba, ban kuwa yaba da rabin baki ba.

Amma ku duba yadda aka yi shi. Abokan Deme da kwamfuta ke sarrafawa ba su da dabara: suna tsayawa a fili, suna harbin iska, ba ka da ikon ba su umarni, ba sa tashe ka in ka faɗi. Duk abin nan na rukuni da na yaba a sama, babu shi a labarin mutanen da suka fi kowa rayuwa da shi. Cikin ƴan sa'o'i kaɗan ka gama, ka koma babban fagen intanet inda ake shafe watanni ana fafatawa, kuma a can rundunoni huɗu ne kawai: Ingila, Jamus, Amurka da Japan. A gyaran ƙarshe na Yuni 2020 an faɗaɗa filin Provence ya ɗauki mutum 64, ƙasar nan da Deme da Idrissa suka zub da jini a kanta cikin labarin, aka kuma ba da shi ga Amurkawa da Jamusawa.