Malamin lesin ba zai maye gurbin aji ba

Kuɗin makarantu masu zaman kansu a Sabon Garin Kano ya yi tashin gwauron zabi, a makarantun gwamnati kuma na Fagge ɗalibai sun yi wa azuzuwa yawa, wasu a ƙasa suke zama. Shi ya sa wasu iyaye ke tunanin ajiye yara gida, a ɗauko malamin lesin. To, mahaifin da ke wuni a kasuwar Kantin Kwari, yaushe zai duba littafin yaro? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, kuma a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Iyaye su matsa a gyara makarantun unguwa, lesin ya zama ƙari kawai.